Tsohuwar Na'ura da Burtalin Damari

Ranar wata Litinin ce, da misalin ƙarfe bakwai na safe, a makon da hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Mu huɗu ne a bakin wani sito a Ƙanƙara: ni, da ɗiyar ƙanwata Hadiza wadda aikinta safiyo ne, wato awon ƙasa, da direbanmu Ɗanlami, da wani dattijo manomi daga wani ƙauye kusa da Damari, ana ce masa Baba Ilu. Tun da na dawo Katsina, duk majalisar da na zauna sai an tambaye ni abin da ya kai tsohon mai fassarar labarai a gidan rediyo dajin Sabuwa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa na ƙara nasa gishirin idan zai ba wani. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance.

Tafiyar ta Baba Ilu ce. Rashin tsaro ya tashi ƙauyensu shekarun baya, ya yi zaman haƙuri a Funtuwa, bana ya koma. Gonarsa ɗaya ce tak, kuma ta yi iyaka da burtali, hanyar da shanu ke bi. Duwatsun siminti da aka kafa a da don raba gonar da burtalin kusan duk sun ɓace. Shi da Arɗo Buba, shugaban makiyayan wurin, sun yi alkawari gaban Mai Unguwa: Baba Ilu ba zai shuka ba, shanu ba za su wuce ba, sai an mayar da iyakar inda take. Idan ruwan shuka ya sauka ba a yi awon ba, daminar bana ta wuce shi, kuma ba shi da wata gonar.

Hadiza tana da lambobin wurin kowane dutse daga awon farko. Matsalarta kayan aiki. Na'urar da ke sauraron taurarin ɗan'adam, idan ita kaɗai ce, takan yi kuskuren taku da dama. Don haka ake aiki da biyu. Ɗaya ana girke ta a kan wani dutsen safiyo da aka san wurinsa daidai, ita ce uwa. Tunda ta san inda take, tana iya gane kuskuren da ke cikin abin da taurarin ke faɗa, sai ta riƙa aika saƙon gyara ga ta biyu, wadda mai awo ke yawo da ita a kan sanda. Sabuwar na'urar Hadiza ta intanet take karɓar gyaranta, can kuwa waya ma sai an hau tudu. Uwar da ke da rediyo mai ƙarfi ita ce wannan tsohuwa da ke sito a Ƙanƙara. Ita kuma da tsohon tsari take magana, wanda masu sana'ar ke kira tsari na biyu, sabuwar kuwa na uku kawai take ji.

Tun da na bar rediyo nake taɓa aikin kwamfuta. Hadiza ta kawo mini wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanki girma ba, muka ɗora mata manhajar da ke karɓar tsohon saƙo ta warware shi, ta sake ƙulla shi a sabon tsari. Aikina in goya ta a jaka tare da rediyon karɓa, in bi Hadiza a baya.

Da mai sito ya buɗe akwatin, zanzaro ya yi gida a murfin. Baba Ilu ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai sa'ata ce," in ji shi. "Ɗiyata, kin tabbata tana da sauran numfashi?"

"Tana da shi, Baba. Yarenta ne ya tsufa. Kawu zai yi mata tafinta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To Malam, ka faɗi abin da ta ce. Kada ka yi mani irin ta tafintan kotu."

Muka kama hanyar Sheme. Ɗanlami ba ya kunna rediyo a wannan hanya, gilashi kuma a sauke, wai yana son ya ji daji. Kafin mu kai kan kwalta muka tarar da shingen 'yan sa-kai. Babbansu, wani dogo mai layu a damtse, ya sa aka sauke komai. Eriyar uwar na'ura faifai ce fara kamar murfin kwano, ita ta tsaya masa a rai.

"Wannan ba ita ce mai tashi sama tana ɗaukar hoto ba?"

Hadiza ta ce ba ta tashi. Ya ce to me ya sa take kallon sama. Ya buɗe 'yar kwamfutata, ya zare batirin, ya sansana, ya mayar. Bayanina bai shige shi ba, katin aikin Hadiza ma juya shi kawai ya yi. Baba Ilu ne ya fito daga mota yana ɗingishi, ya tambaye shi ɗan wane ne. Suka bi dangi har suka tarar kakar dogon 'yar Damari ce. Nan take aka taya mu mayar da kaya, har da ba mu goro.

A Faskari muka sauka gidan wani malamin firamare, abokin Ɗanlami. Ya kwashe littattafansa ya ba mu ɗakin zaure, Hadiza ta shiga cikin gida wurin iyalinsa. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka mai man shanu. Tuwon nan ya fi namu na birni tauri, malmala ɗaya ta ishe ni, Baba Ilu ya ce ai shi ya sa mutanen birni ba sa iya riƙe garma.

Da la'asar muka fita filin makarantar don gwaji. Uwa ta kama taurari, rediyo na aikawa, kwamfutata na karɓa tana juyawa, amma sabuwar na'ura ta ƙi amincewa da ko saƙo ɗaya. Muka canja waya, muka kashe muka kunna. Hadiza ba ta da yawan magana idan abu ya ƙi, sai ta riƙa gyara mayafi. Baba Ilu ya zauna a gindin turken ragar ƙwallo yana kallon gabas.

Abin da ya faru shi ne, tsohon saƙo ba ya faɗin awa. Minti da daƙiƙa kawai yake ɗauke da su, kamar mutum ya ce maka "da kwata" ya yi shiru. Sabon tsari kuwa yana son lokaci cikakke, don haka kwamfutar ce ke cika awar daga agogonta. Da ɗan sa-kai ya zare batiri agogon ya goge, Hadiza ta sake saita shi daga wayarta a cikin mota. Wayarta agogon Najeriya take bi. Manhajar agogon GMT take tsammani, wanda ke bayan namu da awa ɗaya. Duk saƙon da muka juya yana isa da tambarin lokacin da bai zo ba tukuna. Na shekara da shekaru ina faɗin agogo biyun nan a bakin makirfo, shi ya sa da na ga awar a allo na tsaya. Muka mayar da ita baya, kafin mu miƙe tsaye fitilar sandar ta koma kore.

"Mi ya faru?" in ji Baba Ilu.

"Agogo ne, Baba."

"Agogo," ya maimaita, ya kakkaɓe rigarsa. "Allah ya sa shi ke nan."

Washegari ba mu yanke ta daji ba, muka zagaya ta Funtuwa da Ɗandume. Daga Ɗandume hanyar ta lalace, Ɗanlami yana zaɓar ramin da zai faɗa. Taya ta yi faci a wani ƙauye, mai facin ya ƙi taɓa ta sai da ya gama rakensa. Ƙasar nan ta fi tamu itatuwa da duhun ganye, kuma iyakar Kaduna na nan kusa, ba shinge ba allo. Wani mai shayi a Sabuwa ya nuna mini wasu itatuwa can nesa ya ce daga nan wata jiha ce, ya ƙara da cewa sauro bai san da haka ba.

Wani abu na lura da shi wanda babu shi a gida. A Katsina idan za ka yi tafiya kana sallama da kowa, ka faɗi rana da lokaci. A nan ba a tambayar mutum yaushe zai tashi, shi ma ba ya faɗa. Na yi kuskuren tambayar mai shayin ƙarfe nawa motocin Damari ke tashi, ya ce, "Idan sun tashi," ya ci gaba da firfita wuta. Gaisuwar "ya hanya?" kuma tambaya ce ta gaske, ana tsayawa a saurari amsarta.

Dutsen safiyon da za mu girke uwa a kai yana wata unguwa a kan tudu, tsakanin Sabuwa da Damari, a bayan gidan wani attajirin masara, Alhaji Mamman. Fili ne da yake shanya hatsi, ba itace ko ɗaya. Alhaji mutum ne mai jiki da murya, kuma ba a yi masa musu a kan abinci. Ya yanka mana zabi, ya sa aka share ɗakin baƙi, ya ce in muka kwana wani wuri ya ji labari ba shi ba mu.

Da safiyar Laraba Hadiza ta kafa uwar na'ura bisa ƙafafunta uku a kan dutsen, ta daidaita, ta auna tsayin eriya, ta shigar wa uwa lambobin wurin. Ta ce, "Baba Alhaji, ga amana nan. A kula mana da ita."

"Ɗiyata, tafi abinki. Ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Babura suka kai mu gonar. Mai Unguwa na nan, da manoma, da Arɗo Buba da mutanensa a gefe guda, kowa ya rataya sanda a kafaɗa. Arɗo siriri ne, fari, ba ya ɗaga murya. Hadiza ta fara da wani tsohon dutse guda da ya tsira a bakin rafi. Ta ɗora sanda a kai, na'ura ta faɗi lambobin da suka dace da na awon farko. Ta nuna wa Mai Unguwa, ta nuna wa Arɗo. Daga nan muka fara: tana tafe ina biye, inda na'ura ta ce nan ne a kafa turke.

Aikin ba ya sauri. Sabon tsari yana da gurbin taurarin ƙasashe da yawa, tsohuwar kuwa na Amurka da na Rasha kawai ta sani. Kwamfutar ba ta ƙirƙiro abin da ba a faɗa mata ba, tana barin gurbin sauran a wofi. Saboda haka duk inda itace ya rufe sama sai mu tsaya jira. Duk da haka, kafin azahar turaku sun yi layi miƙaƙƙe har rabin gonar.

Muka yi salla. Matar Baba Ilu ta aiko da dambu da zogale. Arɗo ya yi godiya, ya ce ya ƙoshi.

Da muka koma, turke na farko ya faɗa cikin burtali, nesa da layin safe kamar taku ashirin. Na biyu ma haka. Fitila kore, na'ura ba ta nuna wata damuwa ba. Idan aka bi wannan layi, gonar Baba Ilu ta ƙaru, burtalin kuma ya tsuke har shanu biyu ba za su jera ba. Manoma suka fara murmushi. Wani ya ce dama ya san haka iyakar take tun zamanin kakansa.

Arɗo ya tako a hankali, ya tsaya a kan turken.

"Malama, da safe na'urarku ba ta ci komai ba, ta faɗi gaskiya. Yanzu ta ci dambun Ilu."

Aka yi dariya, amma mutanensa ba su yi ba. Ya juyo gare ni. "Ko kai ne, mai jaka? An ce kai ke faɗa mata abin da waccan ta ce."

Na ce, "Arɗo, abin da na ji shi nake miƙawa. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"To wani ya ƙara."

Hadiza ta ɗauki sandarta ta nufi rafi, muka bi ta gaba ɗaya. Ta ɗora a kan dutsen da ta gwada da safe. Na'ura ta ce dutsen ba a nan yake ba, yana can cikin ruwa. Hadiza ta ɗago ta ce wa Mai Unguwa, "Ranka ya daɗe, awon yamma duk ba daidai ba ne. Wani abu ya sami uwar. A cire turakun, gobe mu sake."

Nan hayaniya ta tashi. Wani maƙwabcin Baba Ilu ya ce inji ya riga ya faɗa, ba a mayar da magana don wani ya ɓata rai. Wani ya nuna gabas, inda hadari ya yi baƙi, ya ce goben wa. Baba Ilu ya ratsa su. Ya tafi da ɗingishinsa ya kama turken farko na yamma, ya girgiza, ya tumɓuke, ya jefar.

"Ilu, ƙasa ce fa kake jefarwa!" in ji maƙwabcin.

"Ba tawa ba ce. In na shuka nan, wa zai kwana yana gadinta, kai? Ni a ba ni tawa in shuka, in yi barci."

Arɗo ya dube shi, ya dubi sama. Ya ce ciyawa ta ƙare inda suke, shanu ba su san alkawari ba. Zai riƙe su gobe, jibi ba ya da tabbas.

Muka koma gidan Alhaji Mamman kafin hanya ta yi shiru. A filin shanya babu komai sai dutsen. Uwar na'ura tana cikin gida, a inuwar katanga, an shimfiɗa mata tabarma, an ɗora batirin a kan kujera. Tana ta aiki, fitilunta na ƙiftawa. Alhaji Mamman ya fito yana fara'a.

"Kun ganta lafiya lau. Da rana ta take na je na taɓa ƙarfen, wallahi sai da ya ƙone mani hannu. Na ce kayan baƙo a rana, a gidana? Gobe a ce Mamman ya bar amanar mutane ta narke. Ga masu babura suna wucewa suna ƙura mata ido, ba ka san wa ke kai labari ina ba. Mu uku muka ɗauko ta, kowa da ƙafa ɗaya, ko waya ba mu taɓa ba."

Na ga Hadiza ta kama bakin mayafinta. Na riga ta magana.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Sai dai ita wannan magana ɗaya ta iya: ga ni a kan dutse. Da kuka ɗauko ta ba ta san an ɗauko ta ba, ta ci gaba da cewa ga ni a kan dutse. Ni na fassara, ta can ta yarda. Iyakar tazarar da kuka kawo ta, ita ce tazarar da iyakar Baba Ilu ta gusa."

Ya dubi na'urar, ya dubi ƙofar da suka shigo da ita.

"Ashe ba ta da wayo."

"Ba ta da shi, Alhaji."

"Innalillahi. Na kusa haɗa Ilu da Arɗo faɗa da hannuna." Ya cire hula ya mayar. "To amma ni ba zan bar ta a rana ba. Ku san yadda za ku yi da ni."

Muka yi ciniki. Hadiza ta ce eriya dole ta ga sama ta ko'ina, ko laima ba a yarda ba. Alhaji ya ce batiri da akwati fa? Ta ce waɗannan a rufe su. Ya sa aka kawo zana aka kewaye filin daga nesa, gajere yadda ba zai tare sama ba amma mai wucewa a hanya ba zai ga komai ba. Aka yi wa batiri 'yar rumfa. Daren nan an yi iska da walƙiya, ruwa bai sauka ba.

Da asubar Alhamis Hadiza ta sake girke uwa a kan dutsen, ta sake auna tsayi. Alhaji ya sa aka kawo masa kujera da buta da carbi, ya zauna a bakin zanan da malafa a ka.

"Ku tafi. Ko ni na ce a taɓa ta, kada a yarda."

A gona Hadiza ta fara da dutsen rafi, ya yi daidai. Ta ce daga yanzu duk bayan 'yan turaku za ta dawo ta gwada, kowa ya gani. Haka muka yi ta kai da kawowa, jakar na jiƙe mini baya da gumi. Da aka kawo abinci Arɗo ya ce a ba mai jaka kaɗan dai, kada a cika shi. Wannan karon mutanensa ma sun yi dariya.

Layin ya tafi miƙe daga inda na safiyar jiya ya tsaya. A ƙarshen gabas ya lanƙwasa ya shigo cikin abin da Baba Ilu ke ɗauka nasa ne, ya yanke 'yan kunyoyi, ya bar wata babbar ɗorawa a cikin burtali. Hadiza ta koma rafi ta gwada, ta dawo ta sake ɗora sanda. Wuri ɗaya na'ura ta nuna.

Baba Ilu ya dafa ɗorawar. "Tun ina yaro nake shan garin wannan."

Hadiza ta ce, "Baba, abin da ya fito ke nan."

"Na ji, ɗiyata. Malam, haka tsohuwar ta ce?"

"Haka ta ce, Baba."

"To a kafa."

Arɗo ya matso. "Ilu, mu inuwa muke so. In ta yi 'ya'ya, iyalinka su zo su kaɗa. Mu ba mu iya daddawa ba."

"Kun dai iya ci," in ji Baba Ilu.

Kafin la'asar an haƙa ramuka an zuba siminti a gurbin kowane turke, Mai Unguwa ya yi addu'a aka shafa. Muka kwance uwa, Alhaji Mamman ya cika mana bayan mota da masara da rake, muka kwana Funtuwa, muka mayar da na'urar sitonta a Ƙanƙara.

Ruwan shuka ya sauka can ranar Asabar. Shanun Arɗo Buba sun riga sun wuce ta burtalin tun ranar Juma'a, Baba Ilu kuma ya shuka dawa da masara har gindin duwatsun.